Mahaucin da Ya Tayar da Ƙashin Zabo

Ni mutum ne mai zargi, kuma tun ina yaro aka san ni da haka a gidanmu. Idan aka kawo wa Baba dilar atamfa daga Nijeriya, ni ake kira in warware turmi, in shinshina, in ja bakin zare, in faɗi ko an cusa mai arha a tsakiya. Sau da yawa ina kamawa. Baba ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Garwa, kamar mahaifinsa da ya zo fatauci daga ƙasar Kano bai koma ba, kuma yana alfahari da wannan hali nawa. Yakan nuna ni ga abokansa ya ce, wannan ɗan nawa ba a yi masa rufa-ido. Maganar ta yi mini daɗi har ta hau mini kai.

Ko silima da wannan idon nake shiga. A lokacin akwai gidan da ke nuna fim ranar Lahadi da rana, kuma abin da na fi so shi ne tsofaffin finafinan Turawa na tatsuniyoyin mutanen da, masu jarumai da takubba da dodanni. Ƙaguwa ta kai ɗaki girma, dokin dutse ya sauko daga kan ginshiƙi, ƙwarangwal mai gadin gada ya miƙe ya ɗauki gatari. Tafiyarsu ba irin ta mai rai ba ce, akwai ɗan tsattsayawa a cikinta, kamar tsoho mai ciwon gwiwa yana hawan tudu. Jama'a na hayaniya, masu Fulatanci na ba jarumi shawara, masu Faransanci na zagin dodo, ni kuwa na ƙura ido sama da kafaɗar ƙwarangwal ina neman zaren da ake jan sa da shi. Ban taɓa ganin zaren ba, amma ban daina cewa yana nan ba.

Sau ɗaya na tafi da ƙanwata, tana 'yar shekara tara ko goma, ba da sanin Baba ba. Ta riƙe hannun rigata tun daga farko har ƙarshe. Da muka fito rana na dukanmu, sai ta ce, "Hamma, yaya aka yi ƙashi yake tafiya?" Hausa muke yi a gida, amma Hamma take ce mini, mahaifiyarmu kuma Dada, kamar maƙwabtanmu Fulani. Na ce mata zare ne, ƙaryar Nasara ce, ta cire abin daga ranta. Na saya mata ƙanƙarar leda muka koma gida.

Bayan shekara goma abubuwa suka tsuke a ƙasar. Albashin ma'aikata ya fara latti, daga baya aka rage shi, masu sayen atamfa suka koma su taɓa su wuce. Ni na gama lise, wato sakandare, na zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati sau biyu ban samu ba, na dawo rumfar Baba ina taya shi zaman jira. A wannan lokacin ne wani mahauci daga unguwar Pumpumre ya aiko magabatansa neman auren ƙanwata. A wurin sayen nama suka san juna, domin tun da ƙafa ta fara damun Dada ita ce ke zuwa cefane. Dogo ne, marar yawan magana, kuma mata na cika a teburinsa saboda ba ya cusa wa mutum jijiya a ƙarƙashin tsoka.

A irin gidajenmu ba a ba mahauta aure. Muna cin namansu, muna sahu ɗaya a masallaci, muna zuwa sunansu da jana'izarsu, amma idan aka zo kan aure sai kowa ya kau da kai. Ba a faɗin dalili, sai dai Goggo, yayar Baba da ke zaune da mu, wadda ba ta iya ajiye magana a ciki. Ta ce jikar fatake ba za ta kwana da ƙarnin jini ba. Amma ƙanwata ta riga ta gaya wa Dada cewa shi take so, Baba kuma yana ji da ita, ga shi rabin 'ya'yan 'yan kasuwa zaman banza suke yi irin nawa, mahauta kuwa har yanzu wuƙarsu na aiki. Sai Baba ya ce wa magabatan su dawo Juma'a ta biyu, za a yi bincike kamar yadda aka saba.

Bayan La'asar ya kira ni cikin rumfa ya ce, "Kai za ka yi. Ka ji asalinsa, ka ji sallarsa, ka ji hannunsa da bakinsa. Abin da ka gani da idonka shi za ka kawo mini, ba abin da ka tsinta a bakin mutane ba."

Da na koma gida ƙanwata ta tare ni a zaure, tana wasa da bakin gyalenta. Ta ce, "Hamma, ka duba da kyau. Abin da ka ce, shi zan ɗauka." Na ce ta kwantar da hankalinta. A raina kuwa na riga na yanke cewa akwai wani abu, nemo shi kawai ya rage.

Kwana huɗu ina yawo. Limamin unguwarsu ya ce a sahun farko yake sallar Asuba. Maƙwabta suka ce shi ke riƙe da mahaifiyarsa, ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba a taɓa kai shi komisariya wurin 'yan sanda ba. Dillalan shanu suka ce idan ya je kasuwar Bogo sayen dabba ba ya jayayya bayan an ɗaure magana. Duk inda na tsaya yabo ne, ni kuma yabon nan haushi yake ba ni. Turmin da ya fi kyau a sama shi na saba zargi.

Rana ta biyar na je mayanka da safe, na sami wani tsohon mahauci yana wanke wuƙaƙensa. Muka gaisa, na sako maganar a kaikaice. Ya ce, "Yaron kirki ne, wallahi. Sai dai tsince-tsincen ƙashin nan nasa, shi ne ban gane ba."

Na ce, "Wane ƙashi, Baba?"

Ya ce, "Ƙanana. Na zabo, na kaza, har ƙayar kifi. Mu da muke cikin ƙashi tun safe, me za mu yi da na zabo?"

A mayanka kowane ƙashi da inda yake zuwa. Mai ɓargo na masu miya ne, ƙaho da kofato akwai masu zuwa kwasa, saura na karnuka da ungulaye. Ba wanda ke naɗe ƙashi ya kai gida. Shi kuwa, kamar yadda na bi na gano, yakan je wurin mai gasa zabi a tasha ya roƙi abin da mutane suka ci suka bari, ya tafasa, ya shanya a kan rufin kwano, ya naɗe a takardar siminti. Jin haka zuciyata ta buga, kuma ba zan ɓoye ba, bugun farin ciki ne.

Na fara bin sa. Yakan tashi daga kasuwa bayan Azahar, lokacin da zafin Garwa ke korar kowa daga titi, ya sauya riga, ya sa ƙunshinsa a hammata, ya nufi wani shagon hoto da ke bayan tasha. Mai shagon mutumin kudu ne, Kirista, Faransanci kawai yake ji da ɗan Fulatancin kasuwa. Da zarar mahaucin ya shiga sai a rufe ƙofa a saki labule. Ba ya fitowa sai an kusa La'asar. Kwana biyu ina zaune a gindin dalbejiya ina kallon ƙofar, a rana ta uku na zaga ta baya. Akwai taga da aka toshe da katako, katakon ya tsage a gefe. Na sa ido.

Abin da na gani shi ne tebur an baza masa yashi, an rataya baƙin ƙyalle a bayansa, fitila ɗaya mai ƙarfi tana haska shi. A tsakiyar yashin ga wani ɗan mutum na ƙashi, bai wuce taƙi ɗaya ba, yana tsaye da ƙafafunsa, da haƙarƙari da ƙoƙon kai da ramukan ido. Mahaucin ya durƙusa a gabansa. Ya miƙa yatsu biyu a hankali ya taɓa hannun abin, ya janye, ya koma baya yana riƙe da numfashi. Mai hoton ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, na ji ƙas. Mahaucin ya sake matsowa ya taɓa, ya janye. Sun yi haka ya fi sau goma ina kallo, ba mai dariya a cikinsu. Can mai hoton ya ɗaga labulen wani ɗan ɗaki na ciki, jan haske ya fito, na hango kwanoni da ruwa a ciki, wani wari mai hawa kai ya biyo ta tsagin katakon. Ban tsaya ganin sauran ba.

Dole in faɗi irin shekarun da muke ciki. Lokaci ne da duk wanda kasuwarsa ba ta mutu ba ake kallonsa da gefen ido. Ana cewa wane yana da ɗakin da ba a shiga, wane ya je kudu ya karɓo wani abu, wane ɗansa bai mutu haka kawai ba. Ni da na yi lise ina yi wa masu wannan magana dariya a fili, amma ranar nan duk ta dawo mini. Ga mahauci mai cika da masu saye, ga mutumin kudu, ga ƙofa a rufe, ga ɗan mutum na ƙashi. Ni da na kalli ƙwarangwal a silima sau ba adadi, ko kaɗan tunanina bai je can ba, domin abin da na fita nema shi na samu.

Baba ya ce shi zan kai wa, amma Baba yana kasuwa, ni kuma maganar tana cin bakina. Na tarar da Dada da Goggo a tsakar gida suna tsince shinkafa, na zauna na zayyana musu. Dada ta yi salati ta ajiye faifai. Goggo ta tashi ta ɗauki mayafinta ta ce za ta leƙa maƙwabta. Ƙanwata tana ɗakin girki, kuma na san tana ji, domin ƙarar ludayi ta tsaya.

Baba a masallaci ya ji kafin ya iso gida. Ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Ka gani da idonka?"

Na ce, "Na gani, Baba."

"Ƙashin mene ne?"

Na san an ce mini na zabo ne, na kuma ga inda yake karɓowa. Amma sai na ce, "Ban sani ba." Wannan ban sani ba ta fi duk abin da na faɗa ɓarna. Kafin washegari, a bakin matan unguwa ya zama ƙashin jariri.

Ranar Laraba, saura kwana biyu magabatansa su dawo, mahaucin ya zo rumfarmu da rana lokacin da Baba ya tafi cin abinci. Ya yi sallama ya tsaya a bakin rumfa bai shigo ba. Idonsa ya faɗa. Ya ce, "Hamma, don Allah ka ba ni ɗan lokaci, mu je ka ga abin ta ƙofa." Hamma ɗin da ya kira ni ta ɓata mini rai, da kuma wannan ta ƙofa, wato ya san ta taga na gani. Na so in ƙi. Amma mai zargi ba ya iya barin a ce ga abu bai je ya duba ba, sai na bi shi.

Mai hoton ya buɗe mana, ya gaishe ni da Faransanci yana harara. Mahaucin ya ɗauko ɗan mutumin ya ɗora mini a tafin hannu. Ba shi da nauyi. Ya shiga nuna mini ɗaya bayan ɗaya, kamar yana bayanin yankan saniya. Hannuwa ƙashin fiffiken zabo ne, ƙafafu na cinya, haƙarƙari ƙayar kifin Binuwai. Ƙoƙon kan da kansa ya sassaƙa daga ƙwaurin saniya, ya ɓata guda huɗu kafin na biyar ya yi. Kowace gaɓa ya huda ta da allura mai zafi, ya zura jan waya da ya ciro daga fankar da ta ƙone, don idan ya lanƙwasa ta tsaya inda ya bar ta. Ƙafafun kuma ƙusa ke riƙe su a katakon da ke ƙarƙashin yashi.

Ya ce, "Fim ɗaya mai ƙwarangwal na shiga sau bakwai. Kowa faɗa yake kallo, ni gwiwa nake kallo. Wanda ya yi abin nan ya san ƙashi, Hamma. Gwiwa tana lanƙwashewa inda ya kamata, kafaɗa tana juyawa iyakar inda kafaɗa ke kaiwa. Na ce wannan ba aljani ba ne, wani ne ya zauna da hannunsa. Shi kuma mai hoton nan ya taɓa karantawa a jarida yadda ake yi. Ka motsa kaɗan, a ɗauka. Ka ƙara kaɗan, a ɗauka. Idan tebur ya girgiza ko sau ɗaya, sai a sake daga farko. Shi ya sa muke rufe ƙofa."

Na ce, "To ina motsin?"

Mai hoton ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu ƙananan hotuna baƙi da fari, kowanne bai kai na katin ɗan ƙasa ba, an jera su an ɗinke gefe ɗaya da zaren dukawa. Talatin da shida ne, iyakar abin da fim ɗaya na kyamara ke ɗauka. Mahaucin ya gyara mini riƙo, ya sa babban yatsana a bakin takardun ya ce in sake su da sauri.

Ɗan ƙashin ya ɗaga kai. Ya juyo ya dube ni, ya ɗaga hannun dama har kafaɗa, ya jefa ƙafa ɗaya gaba. Shi ke nan, hotuna sun ƙare. Bai kai numfashi biyu ba, kuma wata uku suka yi a kansa. Amma tsattsayawar nan tana ciki, ita ce dai ta silima. Na sake, na kuma sakewa. Na kai hotunan bakin ƙofa na duba su ɗaya ɗaya a hasken rana, ina neman zare sama da kafaɗa. Babu. A hoto na goma sha wani abu, a gefe, akwai inuwar yatsan mahaucin da bai gama janyewa ba.

Na ce, "Me ya kai ka wannan wahala?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tambayata aka yi, ba ni da amsa." Ban tambayi wanda ya tambaye shi ba, hankalina yana kan hotunan. Sai ya ce, "Ka kai wa Baba ya gani. Idan ya ce wasan yara ne, na yarda. Idan ya ce gunki ne, haramun, zan ƙone shi a gabansa, ba zan sake ba. Amma kada a bar ni da sunan matsafi, Hamma. Nama nake sayarwa."

Na sa hotunan a aljihun gaba na ce to.

Ranar Laraban nan ban ba Baba ba, na ce sai ya huta. Alhamis muka wuni tare a rumfa, ba mai saye, daga ni sai shi, hotunan suna taɓa mini ƙirji duk lokacin da na sunkuya. Na yi ta ba kaina hujja. Na ce Baba ba ya son hoto, ko na kakanmu bai rataya ba, idan ya ga mutum-mutumi zai ƙara tsanar yaron. Na ce ai Goggo ba za ta taɓa yarda ba ko da me aka zo. Na ce wa ya sani ma ko hotunan rufa-ido ne, ainihin aikin yana wani wuri. Duk waɗannan akwai ɗan abin kamawa a cikinsu, amma ba su ne dalili ba. Dalilin shi ne sai in tsaya a gaban Baba in ce ɗansa da ba a yi wa rufa-ido ya leƙa ta tsagin katako ya ga wasa ya kira shi tsafi, ya kuma kai wa mata kafin ya kai masa. Aiki ba ni da shi, jarrabawa na faɗi, wannan sunan shi kaɗai ya rage mini. Na ji kunya, kuma na zaɓi kaina.

Juma'a bayan an sauko magabatan suka zo. Ni na shimfiɗa musu tabarma. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce sun yi shawara, Allah bai nufa ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Babban cikinsu ya dube ni, da alama an gaya masa akwai saƙo a hannuna, ni kuma na dubi tabarma. Suka shafa fatiha suka tashi.

Ƙanwata ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta daina zuwa cefane, shi ke nan. Shi kuwa maganar ta bi shi har teburinsa. Matan da ke cika a gabansa suka koma wucewa ta ɗaya layin, nama ya riƙa kai masa yamma. Kafin damina ya kwashe mahaifiyarsa ya koma Lagdo, inda aka ce yana yanka wa masunta da masu ƙyafe kifi. Sau ɗaya na hango shi a tasha kafin ya tafi, na shige bayan wata mota. Bayan shekara ɗaya ƙanwata ta auri wani ɗan kasuwa aka kai ta Bogo. Mutumin kirki ne, ya riƙe ta da kyau, suka haifi 'ya'ya shida. Ba zan ce rayuwarta ta lalace ba, domin ba ta lalace ba. Hotunan na sa su a gwangwanin shayi tare da takardun makaranta, na yi ƙaura uku da su.

Ban daina kallon irin finafinan nan ba. Da silima ta rufe na bi su a kaset, daga baya a faifai, yanzu a waya. Na ga na zamani da ake yi da kwamfuta, dodanninsu sumul, tafiyarsu kamar ruwa, kuma kafin in kai ƙofa na manta su. Tsofaffin nan kuwa, a kowace tsattsayawa na san akwai mutum da ya matso ya taɓa ya janye yana riƙe da numfashi. Shi ya sa ba sa tsufa a wurina, shi ya sa kuma ba na iya kallonsu da cikakken daɗi.

Bara ƙanwata ta zo Garwa ganin likita saboda idonta ɗaya ya dushe, ta sauka a gidana da jikokinta biyu. Baba da Dada da Goggo duk sun rasu, mijinta ma haka. Wata rana bayan Azahar jikokinta da nawa suka taru a falo, na kunna musu ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan. Da farko dariya suka yi, suka ce dodon roba ne. Da ƙwarangwal ya miƙe ya juyo da kai sai dariyar ta ɗauke, ƙaramar cikinsu ta matso ta riƙe zanen kakarta. Na dubi ƙanwata, na ga ita ma allon take kallo, goro a hannunta ta manta ba ta kai baki ba.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin. Na kira ta baranda, na zauna na gaya mata komai, tun daga tsagin katako har tabarmar Juma'a. Ban rage wa kaina komai ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama na miƙa mata hotunan, sun yi ja, zaren ya saki a ƙasa, na nuna mata inda za ta sa yatsa. Ta kai su kusa da idonta mai lafiya ta saki. Ɗan ƙashin ya ɗaga kai, ya ɗaga hannu, ya jefa ƙafa. Ta sake yi sau uku.

Ta ce, "Ni na tambaye shi. Wata rana a wurin nama, yana raba gaɓar rago, na ce kai da ka san ƙashi, yaya aka yi na silima yake tafiya. Ya ce in ba shi lokaci."

Na ajiye gwangwanin a ƙasa.

Ta ce, "Ka san abin da ya fi, Hamma? Na yarda da kai. Na ce tunda kai ka gani, haka ne, kai ba a ruɗinka. Shekara talatin da wani abu, duk lokacin da ya faɗo mini a rai sai in nemi tsarin Allah daga gare shi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, da muryar da ake amsa gaisuwar baƙo. Sannan ta tambaye ni ko yana da rai. Na ce ban sani ba, ban taɓa bincikawa ba. Ta dube ni da idon nan guda, ta kwance bakin gyalenta ta ɗaure hotunan a ciki, ta koma falo wurin yara.